Ruwan da Baba Yake Jira

Dubeli, Jimeta.

Zuwa ga ƙanena Tahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahra da yara. Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum, Ya kuma ji ƙan Iya da duk waɗanda muka bari a baya. Mu ma nan muna lafiya gwargwado. Maigidana Bukar yana nan yana fama da motarsa a hanyar Numan, rana ɗaya ta yi aiki, rana ɗaya ta kwana wajen makanike. 'Yata Latifa ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, kuma bakinta naka ne sak, ba a gama magana ba ta ba da amsa. Zafin bazarar bana kuwa ba a cewa komai. Da rana ko kaji ba sa fitowa tsakar gida.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, duk lokacin da na kira ka, kafin in gama gaisuwa ka ce mini mai sayen banda yana tsaye, za ka kira anjima, kuma anjimar taka ni da kai mun san tsawonta. Na biyu, Baba kullum yana zaune a bakin ƙofa, idonsa ya yi rauni amma kunnensa ko allura ta faɗi sai ya ji, kuma maganar da zan yi maka ba ta gabansa ba ce. Maƙwabcinmu Ejike, mai shagon kayan gini da muke haya a gidansa, zai sauko wajenku Anaca saro kaya, ya ce ya san layin masu kifi, zai kawo maka hannu da hannu. Don Allah ka samu wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe. Maganar Baba ce.

Ka san yadda yake tun ranar da aka kore mu daga bakin tafki, kai ka yi kudu mu muka yo nan. Shekarun nan duka bai taɓa yarda cewa mun zauna ba. Jakarsa tana ɗaure a bayan ƙofa, komarsa ta kamun kifi tana ciki, duk shekara sai ya fito da ita ya ɗinke inda ɓera ya ci ya mayar. Idan Bukar ya yi zancen neman fili sai ya ce wa ke gini a masauki. Kai ma shi ya hana ka zuwa, kullum saƙonsa gare ka ɗaya ne, kada ka wahalar da kanka, sai mun haɗu a gida. Kai kuma da yake maganar ta yi maka daɗi sai ka riƙe ta da hannu biyu. Hujjarsa ba ta canzawa. Yakan ce tun yana yaro ya ga tafki ya janye har a yi tafiyar yini ba a ga ruwa ba, mutane su ce ya ƙare, sai ga shi ya dawo har bakin ƙofa. Ruwa yakan tafi ya dawo, mu ma haka. Abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa ke nan, domin ya sa a ransa kusa da Iya za a kwantar da shi.

Ka tuna waken Iya, ƙananan nan masu jan ido da take shukawa a gindin tafki in ruwa ya janye? Ranar gudu Baba bai ɗauki ko takalmi ba, amma ya sa kwalbar irin a aljihu. Tun da muka zo kowace damina sai ya shuka 'yan ramuka a bayan ɗakinmu, ba don ci ba, don kada irin ya mutu kafin mu koma. Ko ƙwaya ɗaya ba ya bari a dafa. Da kogin Binuwai ya cika ya shigo mana Dubeli, ya share ɗan wurin tas, abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba. Ya zuba shi a kwalba da toka, daga ranar kuma kwalbar ba ta sake barin aljihunsa ba, ko masallaci da ita yake zuwa. Bayan ambaliyar nan ne ya rage magana. Sai ya yini bai ce uffan ba in ba salati ba.

To, kwanakin baya aka yi wa Bukar rasuwa a can gaba da Numan, muka tafi ta'aziyya, na ce Baba ya zo ko iska ya sha. A hanyar dawowa motar ta yi zafi ta tsaya, daidai wani wuri da masu gyaran hanya suka yanka tudu, titi ya ratsa ta tsakiya, dutse ya tsaya hagu da dama kamar katanga. Ɗan ruwan da muke da shi duk Bukar ya juye a lagireto, ga La'asar tana wucewa. Baba ya ce bari ya yi taimama. Ya taka a hankali ya je ya buga tafukansa a jikin dutsen, sai na ga bai ɗago su ba. Ya tsaya yana shafawa, yana kai fuskarsa kusa. Can ya kira sunana da wata murya da rabona da jin ta tun muna gida. Na taso a guje, na zaci kunama ce.

Tahir, ɓawon kawa ne, irin abin ruwan nan mai murfi biyu da muke tsinta a bakin tafki Iya tana kankare tukunya da shi. Amma ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Katangar dutsen gaba ɗaya su ne, wani kan wani, wani cikin wani, tun daga ƙasa har sama da kan mutum, ka bi da ido har inda hanya ta karya kwana. Wasu sun kai tafin hannuna, masu kauri, a lanƙwashe, wasu ma a rufe suke kamar da abin a ciki. Na ɓamɓaro ɗaya na ji nauyinsa, ya zama dutse. Ni kaina na yi mamaki, domin wurin ƙeƙasasshe ne, babu ko kududdufi, sai ƙaya da rana. Baba kuwa dariya yake yi. Ya ce in duba da kyau, tafki ya kwana a nan. Ya ce ashe duk shekarun nan a gindin tafki muke zaune ba mu sani ba.

Ka san ƙa'idarsu ta mutanen bakin ruwa, kai ma ka yi ta da shi kana yaro. Inda ka ga ɓawo a ƙasa, ruwa bai daɗe da tashi ba. Sai ka tona da hannu, in ka ji sanyi kafin ka kai gwiwar hannu, ka shuka abinka ba ka jiran girgije, ƙasa za ta shayar da shi har ya nuna. Da wannan ya ciyar da mu, bai taɓa ba shi kunya ba. Ya durƙusa a gindin dutsen ya tona, ya ciro ƙasa ya matse ta a hannu, ta dunƙule. Da laima kuwa. Ni ban san dalili ba a lokacin, sai daga baya Bukar ya gaya mini tankar masu aikin hanya ce take bi tana yayyafa ruwa kafin a daddanne ƙasa. Bukar ya kira ni in riƙe masa murfin mota, na tafi na bar Baba yana salla. Da na dawo na tarar ya bi gindin dutsen da sandarsa yana huda rami, yana jefawa, yana rufewa da diddige, yadda suke yi shi da Iya. Kwalbar tana gefe, babu komai a ciki sai toka.

Na buɗe baki zan yi faɗa, ka san ni, sai na ga fuskarsa. Mutumin da ya yi wata da watanni bai yi murmushi ba, ga shi yana share gumi yana cewa bana Latifa za ta ci waken kakarta har ta ƙoshi. Na haɗiye maganata. Na so in koma in tone ko kaɗan ne in ɓoye, amma yana tsaye a kai, ga mota ta tashi, Bukar yana ta danna ham. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, ko da yake ban san me zan ce masa ba in ya gan ni ina tone shukarsa.

Makonnin da suka biyo baya, da ka ga Baba da ka ce an mayar da shi shekara ashirin baya. Ya ciko hularsa da ɓawon nan ya jera su a kan taga. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Ya kai wa Modibbo Bobboyi, limamin unguwarmu, har masallaci. Ya koma cin tuwo da kyau, har yana tsokanar Goretti matar Ejike wai miyarta ba ta kai ta bakin tafki ba. Yakan ce in dai tafki ya taɓa zuwa nan, to ruwa ya san hanya, kuma gida ba shi da nisa kamar yadda ake faɗa. Na taɓa ce masa, Baba, waɗannan ai sun fi namu kauri, kuma sun zama dutse. Ya ce rana ce ta gasa su. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya bi Bukar a mota a sauke shi a wurin ya duba. Ya dawo ya ce bai tsiro ba tukuna, irin ya tsufa, yana da nawa. Ni da Bukar muka yi shawara mu yi shiru har damina ta sauka, in ya so ko wani waken ne mu je mu zuba a wurin. Ƙarya ce, na sani, amma na yarda in ɗauki zunubinta.

Allah bai nufa ba. Ifunanya, 'yar Ejike, ta dawo hutu daga jami'a. Yarinyar a Jimeta aka haife ta, a gabanmu ta girma, Baba yana ji da ita, shi yake ce mata amaryarsa. Karatun duwatsu da ƙasa take yi. Ta shigo gaishe shi da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, ta hango ɓawon a taga, ta yi tsalle don murna. Ta ce malamansu sun taɓa kai su irin wannan wurin, ta san su sarai. Ta zauna kusa da shi tana juya ɗaya a hannu tana ba shi labari, ita a ganinta daɗi za ta sa shi ji. Ta ce ba na tafki ba ne, na teku ne, ruwan gishiri. Wai a wani zamani teku ya shigo har ƙasar nan, kawa suka yi ta zama wasu a kan wasu, na ƙasa su mutu na sama su manne a bayansu, har suka yi tudu. Ina ta ƙifta mata ido, ina buga rariya a kwano, yarinyar nan ko ta waiwayo.

Baba ya saurare ta tsaf, ka san shi da girmama mai ilimi ko yaro ne. Ya tambaye ta yaushe ruwan ya tafi. Ta ce shekaru miliyoyi, tun ba a halicci ɗan Adam ba. Sannan ya tambaye ta to yaushe yake dawowa. Ta yi dariya, da Hausarta ta Jimeta, ta ce ai Baba wannan ruwa ya tafi ke nan, ba shi dawowa. Ya sake tambaya, ko sau ɗaya bai dawo ba? Ta ce ko sau ɗaya. Sai a lokacin ta ɗaga kai ta ga fuskarsa, ta kuma ga tawa. Baba ya karɓi ɓawon daga hannunta ya mayar taga a hankali, ya sa mata albarka, ya ce ashe akwai ruwan da yake tafiya bai dawo ba, shi bai taɓa sani ba. Ya tashi ya shiga ɗaki tun ba a kira Magariba ba.

Kada ka ga laifin yarinyar. Da na ba ta labarin waken ta yi kuka har idonta ya kumbura, uwarta ta zo tana ta ba ni haƙuri, Adda Kellumi ki yafe, Adda Kellumi ki yafe. Me zan yafe? Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta san abin da muka ɗora a kan ɓawon nan ba. Na yi fushi dai, ba zan ɓoye maka ba, amma na rasa wanda zan yi fushin da shi. Na kwana biyu ina huce haushina a kan tukwane da Latifa.

Bayan 'yan kwanaki ya ce a kai shi wurin sau ɗaya tak. Na bi su. Muka tarar masu aiki sun zuba siminti sun yi magudanar ruwa tun daga farkon dutsen har ƙarshe, daidai kan layin da ya shuka. Ko wurin da za ka sa yatsa babu. Na zaci zai yi kuka, bai yi ba. Ya daɗe a tsaye motoci suna wucewa, ya ɗora hannu a jikin katangar yana shafa ɓawon nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in duba yadda suka cunkushe wuri ɗaya, kamar mu a ajin makarantar da aka fara sauke mu lokacin da muka zo. Ya ce su ma jira suka yi. Daga nan ya ciro kwalbar, ya zazzage tokar a ƙasa, ya miƙo mini ya ce in zuba gishiri a ciki, kada ta zauna a banza.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne abin da ya biyo baya. Washegari da safe Baba ya kwance jakar nan da kansa. Ya jera rigunansa a kan igiya kamar kowa. Komar ya wanke ta ya shanya, ya ba Ishmael, wani masunci da yake kawo mana kifi daga bakin kogi, ya ce masa ta saba da ruwa mai faɗi amma za ta koya. Ya kira Bukar ya ce in ya ga fili ya nema, kada ya bar yara a gidan haya saboda tsoho. Ranar Juma'a kuma bayan an sauko ya roƙi Modibbo Bobboyi ya raka shi maƙabarta. Modibbo da kansa ya zo ya gaya mini, ya ce Baba ya zagaya wurin a nutse, ya tambayi ko ambaliya tana kaiwa can, da aka ce masa ba ta kaiwa sai ya ce to madalla.

Ba ciwo yake yi ba, Tahir. Mun kai shi asibiti sun duba sun ce tsufa ne kawai. Hankalinsa ma ya fi na da, yana magana daidai, yana tuna sunan kowa, yana yi wa mutane godiya a kan ƙaramin abu. Wannan ne yake ba ni tsoro. Tuwon da yake cinyewa yanzu loma biyu yake yi ya ture kwano. Rigarsa ta yi masa yawa. Ba ya zama a bakin ƙofa yana kallon hanya kamar da, sai in na fito da shi. Na yi jinyar Iya, na san yadda mutum yake idan ya fara tattara kansa, kuma abin da nake gani ke nan. Ina jin tsoro, kuma na gaji da jin tsoron ni kaɗai.

Ba aike nake nema ba, kada ka ce za ka ba Ejike wani abu ya kawo. Kai nake nema. Ka bar wa yaronka rumfa, kifi ba zai ƙare a duniya ba. In da hali ka taho da Zahra da yaran, Baba bai taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya daga cikinsu ba, muryarsu kawai ya sani a waya. Kada ka ce bayan salla, kada ka ce in ruwa ya sauka. Na sa maka ɓawo ɗaya a cikin ambulan, ka riƙe ka ji nauyinsa, ka san ba tatsuniya nake ba ka ba.

Ka gaishe mini da Zahra da kyau, ka ce mata na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan yara. Bukar yana gaishe ka, Latifa tana gaishe da kawunta da ba ta sani ba sai a hoto. Modibbo Bobboyi da Goretti ma sun ce a gaishe ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya sa ka iske shi.

Kafin in rufe na je na gaya wa Baba cewa Ejike zai gan ka, ko yana da saƙo. Na tsaya ina jira ya faɗi abin da ya saba faɗa, sai mun haɗu a gida. Bai faɗa ba. Ya ce in kwatanta maka gidan da kyau, tunda ba ka taɓa zuwa ba, kada ka ɓata. To ga shi. In ka sauka a tasha ka hau Keke ka ce Dubeli, ka tambayi shagon Ejike mai kayan gini, kowa ya san shi. Ƙofar da take gefen shagon, mai shuɗin fenti, ita ce tamu. Ba sai ka ƙwanƙwasa ba.

Wassalam.

Yayarka,
Kellumi Mele